Famfon Zuciya da Dashenta: Ta Ina Shanyewar Ɓarin Jiki Ke Shigowa?

A majalisun Dandamisa da Maƙarfi da Hunkuyi, idan aka ji an fita da wani mai hali zuwa Indiya ko Masar saboda zuciya, labarin da ke dawowa gajere ne: "an sa masa batir," ko "an canja masa zuciya." Daga nan sai a ɗauka magana ta ƙare, kamar injin ban-ruwa da aka canja wa fistin. In kuwa bayan wata shida aka ji bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa sun daina motsi, sai zargi ya rabu biyu. Wasu su ce likitocin can sun yi ganganci, wasu su ce jifa aka yi masa. Galibi babu ko ɗaya cikin biyun. Shanyewar ɓarin jiki na cikin haɗurran da ke biye da waɗannan ayyuka tun ranar da aka fara su, kuma likitoci sun ƙirga yawansa, sun san dalilansa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

A bakin Bahaushe "ciwon zuciya" buhu ne da ke ɗaukar komai, har baƙin cikin da kishiya ko bashi ke jawowa. Abin da ake magana a kai a nan shi ne gazawar zuciya: tana bugawa, amma tsokarta ta saki, ba ta tura jinin da jiki ke bukata. Mai ita yana haki daga ɗaki zuwa zaure, ƙafafunsa su kumbura har yatsa ya bar gurbi idan an danna, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matasai. Wannan daban yake da abin da gidajen rediyo ke kira bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa a ƙwaƙwalwa yake faruwa, kuma iri biyu ne. Ko gudan jini ya toshe wata jijiya, sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa ya mutu, ko jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. A ido duk ɗaya suke, amma maganin na farko shi ke ƙara wa na biyu muni. A riƙe wannan, domin kusan dukan matsalar a nan take.

"Batir" ɗin da ake yawan faɗa shi ne fesmeka, 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba, ana binne ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji don ta daidaita saurin bugu. Ba ta tura jini, haɗarinta kuma kaɗan ne. Wanda ke tura jini shi ne famfon taimakon zuciya, wanda likitoci ke kira LVAD, wato na'urar da ke tallafa wa babban ɗakin hagu na zuciya. Sai dashe, inda ake cire zuciyar majinyaci a ɗinka masa ta wani da ya rasu.

Yadda famfon yake a jikin mutum

Samfurin da aka fi dasawa yanzu, HeartMate 3, yana shiga tafin hannu, nauyinsa kimanin giram 200. Ana ɗinke shi a ƙasan zuciya, ya zuƙi jini daga ɗakin hagu ya zuba shi cikin babbar jijiyar da ke rarraba wa jiki. A cikinsa akwai farfela da maganaɗisu ke riƙe da ita a tsakiya ba ta taɓa komai, tana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya. Wata waya mai kaurin fensir tana fitowa ta fatar ciki, ta haɗu da na'urar sarrafawa da ke ɗaure a ƙugu, ita kuma ta haɗu da batura biyu da ake ratayawa. Baturan na iya kaiwa awa 17 kafin a canja su. Da dare ana jona mutum da wutar gida.

Tunda famfon kwararar da jini yake yi ba bugu ba, da yawa daga masu shi ba a jin bugun jijiya a wuyan hannunsu. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da bai taɓa ganin irin wannan ba zai iya lalubawa ya rasa, ya sa na'urar awon jini ta ƙi nuna komai, alhali mutumin na zaune yana kallonsa. In ya kara kunne a ƙirji, ƙugi zai ji irin na firiji.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tun 1966 Michael DeBakey ya yi amfani da famfon wucin gadi a Houston ta Amurka ya riƙe wata mata kwana goma har zuciyarta ta farfaɗo. A 1984 aka sa wa William Schroeder zuciyar roba baki ɗaya, samfurin Jarvik-7. Ya rayu kwana 620, amma cikin 'yan makonnin farko ɓarin jikinsa ya shanye, abin kuma ya yi ta maimaituwa. Daga shi duniya ta fahimci cewa tura jini ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne hana jini daskarewa a kan abin da ba nama ba.

Binciken da ya buɗe ƙofa shi ne REMATCH na 2001, a kan majinyata 129 da suka kai maƙura kuma ba su cancanci dashe ba. Bayan shekara ɗaya, kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka sa wa famfo suna raye, na masu shan magani kawai kuwa kashi 25. Bayan shekara biyu ya koma 23 da 8. Nasara ce, amma mai ɗaci.

Samfuran da suka biyo baya sun bambanta ƙwarai wajen shanyewar jiki. A binciken ENDURANCE na 2017, kusan kashi 30 cikin 100 na masu famfon HeartWare sun gamu da shi cikin shekara biyu, masu HeartMate II kuwa kashi 12. Ranar 3 ga Yuni 2021 kamfanin Medtronic ya daina sayar da HeartWare, saboda wannan da kuma yadda wasu famfunan ke ƙin tashi idan sun tsaya. A binciken MOMENTUM 3, wanda ya ƙunshi mutum 1,028 aka kuma kammala a 2019, shanyewar jiki cikin shekara biyu ya kama kashi 9.9 na masu HeartMate 3 da kashi 19.4 na masu HeartMate II. Toshewar famfon kansa da gudan jini ta faɗo daga kashi 13.9 zuwa 1.4. Bayan shekara biyar, kashi 58 na masu sabon samfurin suna raye.

Wato da mafi kyawun famfo, a manyan asibitocin Amurka, ana sa ran mutum ɗaya cikin goma ya gamu da shanyewar jiki kafin shekara biyu. Wannan shi ne adadin da ya kamata dangi su sani kafin su sayar da gona.

Gaba kura, baya siyaki

Jini idan ya gogi ƙarfe yana son daskarewa. Gudan zai iya taruwa cikin famfo, ko a wani lungu na zuciyar da jini ke kwanciya, ya ɓalle ya bi jijiyar wuya ya tsaya a ƙwaƙwalwa. Don haka mai famfo yana shan wafarin, maganin tsinka jini, kullum muddin famfon na jikinsa. Ana auna tsinkewar da gwajin INR, ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, gudan jini. Ya yi sama, zubar jini, har a cikin kai.

Kamar hakan bai isa ba, farfelar kanta tana yayyaga wani sinadari na jini da ke taimakawa wajen tsayar da zuba, ƙananan jijiyoyin hanji kuma suna yin rauni saboda rashin bugu. Shi ya sa zubar jini ta ciki, baƙin bayan-gida da haɓo suke cikin abubuwan da suka fi mayar da masu famfo gadon asibiti. An daɗe ana haɗa musu wafarin da asfirin, har sai da binciken ARIES na 2023 a kan mutum 628 masu HeartMate 3 ya nuna cewa janye asfirin yana rage zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da ƙaruwar shanyewar jiki ba.

Hawan jini shi ma yana da nasa kaso. Idan matsin jini ya yi yawa, famfon na turawa da ƙyar, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na shan wahala, don haka ake so matsakaicin awo ya tsaya ƙasa da 90. Sai ƙwayoyin cuta. Wurin da wayar ta huda fata rauni ne da ba ya rufewa har abada. Ana wanke shi da safar hannu da bandeji mai tsabta, ba a shiga rafi, ba a sheƙa ruwa daga bokiti yadda aka saba. In cuta ta bi wayar ta shiga jini, haɗarin shanyewar jiki iri biyun yana tashi. Akwai kuma gazawar ɓangaren dama na zuciya, wanda famfon ba ya tallafa wa.

Dashe: an gudu, an tsira?

Ranar 3 ga Disamba 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar mutum na farko a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, a nan Afirka. Majinyacin, Louis Washkansky, ya rayu kwana 18. Zuciyar ba ta gaza ba. Ciwon huhu ne ya kashe shi, saboda magungunan da aka ba shi sun karya garkuwar jikinsa. Wannan ciniki bai canja ba har gobe, ko da yake zuwan maganin saikulosforin a farkon shekarun 1980 ya gyara lissafin sosai. Yanzu rabin waɗanda aka yi wa dashe suna wuce shekara 12, kuma Amurka kaɗai tana yin sama da 4,000 a shekara.

Ta fuskar shanyewar jiki, dashe ya fi famfo sauƙi. Haɗarin ya fi taruwa a lokacin tiyatar da kwanakin da ke biye, sa'ad da iska ko gudan jini ko ɓarɓashin kitsen jijiya kan iya wucewa zuwa kai, kuma ya fi yawa ga wanda dama yana da famfo ko ya taɓa samun shanyewar. Bayan nan ba dole ba ne a sha wafarin. Amma magungunan hana jiki ƙin zuciyar, irin su takurolimus da firednisolon, suna kawo hawan jini da ciwon suga da lalacewar ƙoda, waɗanda su ne hanyoyin shanyewar jiki na yau da kullum. Suna kuma buɗe ƙofa ga cututtuka, kuma a ƙasarmu tarin fuka na kan gaba. A shekarar farko akan zura siririn bututu ta jijiyar wuya a tsinko ɗan naman zuciya a duba, sau da yawa. Da tafiya ta yi nisa jijiyoyin sabuwar zuciyar kan ƙuntace, kuma tunda an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, mutum na iya rasa jin ciwon ƙirjin da zai gargaɗe shi.

Sau da yawa ma hanyoyin biyu a jere suke. Tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya zauna da famfo daga Yuli 2010 har ya sami zuciya a Maris 2012, yana da shekara 71.

Inda ra'ayi ya rabu

Ƙoda biyu ce, ɗan'uwa na iya ba da ɗaya, shi ya sa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya iya fara dashenta tun 2002. Zuciya ɗaya ce. Galibi sai daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya alhali na'ura na riƙe da numfashinsa, kuma a dasa ta cikin awa huɗu zuwa shida. A nan malamai suka yi magana. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ba dawowa. A Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa, ta haramta sayarwa. A kan haka asibitin Sarki Faisal da ke Riyad yake dashen zuciya. Wasu malaman suna nan a kan cewa muddin zuciya na bugawa rai bai fita ba, gawa kuma tana da alfarma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tsara batun ɗaukar gaɓa a Najeriya ta kuma hana cinikinta, amma dashen da ake yi a ƙasar daga masu rai ake ɗauka, don haka ƙofar zuciya ba ta buɗe ba tukuna. Zuciyar alade da aka gyara aka dasa wa David Bennett a Maryland a Janairu 2022 ta riƙe shi wata biyu kacal, saboda haka muhawara a kanta ta riga amfaninta isowa.

Likitoci ma ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin ƙasar da ta yi tiyatar buɗe zuciya tun 1974 a Inugu bai kamata ta ci gaba da tura 'ya'yanta waje ba. Wasu na cewa kuɗin famfo ɗaya zai sayi maganin hawan jini na gunduma guda. Hujjar na biyun tana da nauyi: binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin Zariya da Kano, ya ɗora wa hawan jini alhakin kimanin kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki, kusan ɗaya cikin uku kuma irin na fashewar jijiya ne.

Idan aka dawo gida

Tiyatar ba ita ce tsaikon ba, domin mai kuɗi na iya saye. Tsaikon yana farawa ne ranar da aka sauka a filin jirgin Kano. Famfo ba ya jiran a kawo wuta, saboda haka sai da sola da janareta da baturan ajiya. Zafin bazara da azumi na busar da jiki, in jini ya ragu famfon na tsotse bangon zuciya ya fara kuka. Gwajin INR kuma ba na sau ɗaya ba ne, wani lokaci mako-mako ake yi, kuma sai an je Zariya ko Kano ko Kaduna.

Wafarin magani ne mai saurin fushi. Kwaɗon zogale ko miyar alayyahu da aka ci da yawa wannan makon aka bari wancan na sauke ƙarfinsa ya kuma ɗaga shi. Ba a hana cin ganye ba, daidaito ake nema. Filajil da Saftirin da ake saya a kemis ba takarda suna tsinka jinin fiye da kima, maganin tarin fuka na rifamfisin yana kashe masa ƙarfi, magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak suna jawo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen da maƙwabta ke kawowa don nuna kulawa ba wanda ya san abin da za su yi masa.

Wannan ba labarin masu kuɗi kaɗai ba ne. Yaran da ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙyauren zuciya, in aka sa musu bawul na ƙarfe, kan wannan siraɗin na wafarin suke tafiya. Kuma binciken INVICTUS na 2022 ya nuna cewa ga masu irin wannan ciwo da bugun zuciyarsu ya rikice, tsohon wafarin ya fi sabon maganin ribaroksaban da ba ya bukatar gwaji.

Masu jegon ƙasar Zazzau

A littattafan likitancin duniya, sunan Zariya yana fitowa ne a babin gazawar zuciya bayan haihuwa. A farkon shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi mata sama da 200 da suka zo da kumburi da haki bayan sun haihu, aka ƙiyasta cewa abin na samun mace ɗaya cikin kimanin 100, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Sun danganta shi da kunun kanwa mai gishiri, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya tarar da yawan bai ragu ba, amma ya rage wa wancan bayani ƙarfi. Ya fi nuni ga rama, hawan jinin masu ciki, talauci da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Duk da haka kanwa ga mai kumburi ƙarin gishiri ce, a bar ta.

A ƙasashen da ke da hali, matan da zuciyarsu ta ƙi farfaɗowa daga wannan ciwo su ake sa wa famfo ko a yi wa dashe. A nan, zuciyar da ta saki takan tara gudan jini a cikinta ko babu ƙarfe, musamman a makonnin jego da jini ke saurin daskarewa. Mai jegon da aka wayi gari bakinta ya karkace, aka ce iska ce ta buge ta a makewayi, mai yiwuwa daga zuciyarta gudan ya taso. Hoton zuciya na eko, irin wanda ake yi a asibitin Shika, yana nuna shi tun kafin ya ɓalle, kuma da dama daga cikin waɗannan mata suna samun sauƙi da ƙwayoyin magani idan an zo da wuri.

Alamomin ɗaya ne ga mai famfo da mai dashe da mai jego: karkacewar baki, nauyin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, harɗewar harshe, ko matsanancin ciwon kai na farat ɗaya. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi, mai shan wafarin ma galibi ba a yi masa ita, kuma ba a taɓa komai sai hoton CT ya raba toshewa da fashewa. Kada a ba shi asfirin a gida. Kada a ɗura masa ruwa ko koko ko rubutu, domin haɗiya kan lalace abin ya wuce huhu. A kwantar da shi a kan ɓari, a lura da ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe, a kwashi kwalayen magungunansa da katin gwajin INR, in mai famfo ne har da baturan ajiya da caja, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton.